Wa Zai Duba wa Ƙanne Rubutunsu?

Ɗalibin babbar sakandare da ke zaune a unguwar Khalidiyya ta birnin Madina, cin jarrabawa kaɗai ba ya isarsa ya karɓi takardar gamawa. Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta shigo da sabon tsarin sakandare a 2021, an ɗora wa kowane ɗalibi sa'a 40 ta aikin sa-kai kafin a yaye shi. Dokar ta ƙasar ce baki ɗaya, kuma reshe ce ta shirin ƙasar na 2030 da aka ƙaddamar a 2016, wanda ya ɗauki alkawarin kai yawan masu aikin sa-kai daga dubu 11 zuwa miliyan ɗaya. A ƙarshen 2024 hukumomi suka ce sun haura miliyan ɗin. Gwamnati tana da shafi a intanet inda ake tallata ayyukan, mutum ya zaɓa, ya je ya yi, a rubuta masa sa'o'insa. Abin da mai ziyara ya fi gani da ido shi ne matasa suna nuna wa alhazai hanya, suna tura keken tsofaffi, suna raba ruwa da abin buɗa-baki.

Aiki ne mai lada, babu shakka. Sai dai Madina tana da wata hidima da ta girmi duk waɗannan. Bayan Yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, wato 624, Musulmi sun koma gida da fursunoni kusan saba'in. Mai hali ya fanshi kansa da kuɗi, har dirhami dubu huɗu. Cikin marasa abin biya akwai masu iya rubutu, domin mutanen Makka fatake ne, alƙalami ya fi yawa a hannunsu fiye da hannun manoman dabinon Madina. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya sanya fansar irin waɗannan ta zama koya wa 'ya'yan Ansaru rubutu. Ibn Sa'ad ya ƙara bayani: yara goma-goma aka danƙa wa kowane mutum, kuma fansarsa ba ta cika sai yaran sun ƙware. Hannun yaran aka duba, ba a ƙirga masa kwanaki ba. Ruwayar Ahmad ɗin ba ta ɓoye ɓangaren da bai yi daɗi ba. Wani yaro ya koma gida yana kuka, malaminsa ya doke shi, uban ya ce haushin Badar mutumin ke hucewa, ya hana ɗan komawa. Duk wanda zai haɗa babba da yaro a kan takarda yau, da abubuwan nan biyu zai yi fama: da me za a auna aikin, wa kuma zai sa ido a kan mai koyarwar.

A ƙarni na ashirin garin ya sake ba da misali. Abdulƙuddus al-Ansari, haifaffen Madina a 1906, ya yi karatu a hannun ɗan'uwansa Shehu Muhammad Ɗayyib al-Ansari, malamin da ya yi hijira zuwa Hijaz daga yankin Mali ta yau. Abdulƙuddus ya zama malamin adabi a Madrasatul Ulumish Shar'iyya, dab da Masallacin Annabi, a 1937 kuma ya kafa mujallar al-Manhal. A makarantar akwai wani saurayi ɗan Aljeriya, Ahmad Rida Huhu, wanda iyalinsa suka taso zuwa Madina a tsakiyar shekarun 1930. Al-Ansari ya buɗe masa shafukan mujallar, ya riƙa buga masa gajerun labarai da fassarori daga Faransanci, har ya zama sakataren editanta. Da Huhu ya koma gida ya fitar da Gadatu Ummil Ƙura a 1947, littafin da ake lissafawa cikin farkon ƙagaggun labaran Larabci na Aljeriya. 'Yan mulkin mallakar Faransa suka kashe shi a 1956. Tazarar shekarun malamin da ɗalibin ba ta wuce biyar ba. Yaya ne ya kama hannun ƙane.

Mu ma muna da rabo a garin. Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka buɗe a 1961, ta yaye 'yan Arewa masu yawa, irin su marigayi Shehu Ja'afar Mahmud Adam da Dakta Muhammad Sani Umar Rijiyar Lemo, kuma an saba ganin ɗalibanta in sun zo hutu su zauna a masallacin unguwa su biya wa na baya littafi. Wannan al'ada ta karantarwa ta kafu da gindinta. Wadda ba ta kafu ba ita ce ta zama da yaro a kan abin da shi ya rubuta da kansa.

Jan biro ɗaya, takarda 400

A ɗauki malamar Hausa ko ta Turanci a sakandaren gwamnati ta jeka-ka-dawo a Kano ko Gusau. A ce aji biyar take shiga, kowanne da ɗalibi tamanin, wanda duk mai ɗa a irin makarantun nan ya san ba zuƙi ta malle ba ce. In ta ba da insha'i ɗaya, takarda 400 ke jiranta. In kowace ta ci minti biyar, aikin ya haura sa'a 33, ban da shirya darasi, ban da cike rajista, ban da hidimar gidanta. Don haka ba ta bayarwa, ko ta bayar sau ɗaya a zango, ta ja jan biro a ƙasa ta sa maki. Wanda ya kira wannan lalaci bai yi lissafin ba.

Yaron kuwa, ranar jarrabawar WAEC za a ce ya rubuta kalma 450 cikin kusan minti 50. Sai ya haddace buɗewar wasiƙa da rufewarta, ya haddace 'yan jimloli masu ƙyalli, ya zuba su ko sun dace ko ba su dace ba. Yana iya cin jarrabawar ma. Amma bai taɓa ganin mutum ya karanta shafinsa, ya ɗago kai ya tambaye shi me yake nufi a nan ba, alhali da wannan tambayar ake koyon rubutu. Darasin nahawu ana iya yi wa mutum ɗari a lokaci guda. Gyaran rubutu sai ɗaya bayan ɗaya, kuma babu gwamnatin jihar da za ta ɗauki malaman da za su isa. Hannuwan da za su isa suna nan a bayan katanga: dubban ɗaliban sassan Hausa, Turanci, Larabci, aikin jarida da koyarwa a Jami'ar Bayero, da Ahmadu Bello, da Usmanu Ɗanfodiyo, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kwalejojin ilimi. Daga tsohuwar harabar Bayero zuwa Kwalejin Rumfa tafiyar 'yan mintoci ce a adaidaita sahu.

Abin da Minna ta gwada

Inda aka fi gwada wannan abu a Arewa shi ne Minna. Garin yana da tarihi da alƙalami. Nan aka haifi Cyprian Ekwensi a 1921 da Ben Okri a 1959, nan kuma marigayi Abubakar Gimba, wanda ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, ya zauna matasa suka kewaye shi. Cikin waɗanda suka taso a wannan inuwa akwai Baba Muhammad Dzukogi, wanda aka fi sani da BM Dzukogi, malamin makaranta da ya karanta ilimin motsa jiki a Jami'ar Ahmadu Bello. A 2004 ya kafa cibiyar fasaha a makarantar Hill-Top Model da ke Minna, wadda daga baya ta zama gidauniyar Hill-Top Creative Arts. Ya riƙe muƙamin babban sakataren ANA na ƙasa, ya kuma shugabanci hukumar bunƙasa littattafai ta Jihar Neja a zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, amma in aka ambaci sunansa a taron marubuta, yaran nan ake fara tunawa.

Dabarar ba ta da wani sirri. Ana haɗuwa a kai a kai, yaro ya miƙe ya karanta waƙarsa ko labarinsa a gaban 'yan'uwansa, a yaba, a kushe, a ce ya koma ya sake. A haɗa shi da wanda ya riga shi, ya riƙa bibiyar rubutun har ya zama kundi. Burin Dzukogi shi ne yaro ya ga littafi da sunansa a bango kafin ya cika shekara ashirin. Abin da ya riƙe cibiyar tsawon shekarun nan kuwa shi ne wanda aka yi rainonsa yana sakandare, in ya shiga jami'a, sai ya dawo ya yi rainon wani. Ta haka rassan gidauniyar suka bazu zuwa jihohi da dama, galibi a hannun matasa. Kowace shekara makarantu daga sassan ƙasar kan hallara bikin da ake kira HIASFEST, a kara a fagen waƙa da gajeren labari da zane da karatun waƙa a dandamali, a kuma ba da kyautar marubuta matasa.

Itacen ya yi 'ya'ya. Saddiq Dzukogi, ɗan mai cibiyar, wanda ya yi digirinsa na farko a Zariya, ya wuce Amurka ya yi na uku a Jami'ar Nebraska. Kundin waƙoƙinsa Your Crib, My Qibla, na makokin ƙaramar 'yarsa, ya fito a 2021, ya kuma shiga ukun ƙarshe na babbar kyautar adabi ta Nijeriya a 2022. Hauwa Shaffii Nuhu, wadda ta karanta shari'a a Bayero, ta zama 'yar jarida kuma edita a HumAngle, kafar da ke bin diddigin rikice-rikicen yankinmu. Aikin edita kuwa, in aka duba, wannan aikin ne dai na zama da rubutun wani.

Akwai masu cewa buga wa ɗan shekara goma sha shida littafi gaggawa ce, tana sa yaro ya ɗauka ya iso tun bai kama hanya ba. Suna da rabin gaskiya. Duk wanda ya buɗe kundin ɗan sakandare zai ci karo da ɗanyen wuri, kuma yabon da ya wuce kima yana kashe marubuci fiye da suka. Amma yaron da ya san baƙi za su karanta abin da ya rubuta yakan sake jimla sau biyar ba tare da an ɗaga masa bulala ba, abin da maki ba ya sa shi yi. Ni a ganina ba a nan gizo ke saƙar ba. Raunin tsarin Minna shi ne a kan kirkin mutane kawai yake tsaye. Ɗalibin jami'ar da ya ba da Asabar ɗinsa, daga aljihunsa yake biyan kuɗin mota. Takardar sakamakonsa ba ta san ya yi ba. Babu malamin jami'ar da ya koya masa yadda ake gyara rubutun yaro, babu kuma wanda zai tambaye shi abin da shi ya koya. In jarrabawarsa ta gabato, dole ya bar yaron a tsakiyar babi. Sannan mafi yawan abin da ya fito daga wannan hanya da Turanci ne, a jihar da ake kwana ana tashi da Nufanci da Gwaranci da Hausa.

Sauran ƙoƙarin ma haka suke. Tun 2012 lauya Yusuf Ali yake ba ANA tallafin shekara-shekara don rassanta su shiga makarantun sakandare da littattafai. A Kaduna gidauniyar Yasmin El-Rufai tana koyar da yara ƙirƙirar rubutu. Duk a wajen katangar jami'a ake yin su.

Yadda Pittsburgh ta mayar da shi kwas

A Amurka an daɗe da shigar da irin wannan hidima cikin manhaja. Tun 1967 Robert Sigmon da William Ramsey suka fara tsara yadda ɗalibi zai yi wa al'umma aiki a lissafa masa a matsayin karatu, a 1985 kuma shugabannin jami'o'in Brown da Georgetown da Stanford suka shiga cikin waɗanda suka kafa ƙawancen Campus Compact don yaɗa abin. Bambancinsa da aikin sa-kai zalla shi ne hidimar tana ɗaure da darasin aji, ɗalibi yana rubuta abin da ya gani da abin da ya ɗaure masa kai, malami kuma yana ba da maki a kan fahimtar da ya samu.

A fagen rubutu, misalin da aka fi nazarta shi ne na birnin Pittsburgh. A ƙarshen shekarun 1980 Farfesa Linda Flower ta Jami'ar Carnegie Mellon ta haɗa kai da Wayne Peck, shugaban wani tsohon gidan hidimar jama'a mai suna Community House a arewacin birnin, unguwar talakawa mai yawan baƙaƙen fata. Ɗaliban jami'a su yi rajistar kwas, su ƙetare kogi su zauna da 'yan sakandare na kimanin mako takwas. Ba jigon jarrabawa ake ba yaran ba. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya suke rubutawa: korar ɗalibai daga makaranta, dokar hana matasa fitar dare, mu'amala da 'yan sanda, neman aiki. Ana koya wa ɗan jami'ar ya riƙa tambaya maimakon ba da amsa. Mene ne ya faru a bayan wannan labari wanda babba ba zai gani ba? In malamin da ya kore ka ne ke ba da labarin, yaya zai faɗe shi? In aka bi shawararka, me zai biyo baya? A ƙarshe a buga rubuce-rubucen, a kira taron unguwa, shugabannin makaranta da jami'an birni su zauna yaran su karanta musu. Flower ta tattara darussan wannan aiki a littafin da ta fitar a 2008.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne wahalar da 'yan jami'ar suka sha, wadda wata mai bincike, Elenore Long, ta yi nazari a kai. Yaro ya rubuta da Turancin unguwarsu, mai rai, mai ƙarya ƙa'ida. A gyara masa, a kashe muryarsa? A bar shi, a cuce shi ranar neman aiki? Wannan tambaya tana jiran mu da Hausa. 'Yar Gwadabawa ta kawo labari da Sakkwatanci tsantsa, ɗaliba 'yar Kano da aka koya wa daidaitacciyar Hausa ta ɗauki jan biro. Mai hankali zai bar mutanen cikin labarin su yi magana da bakinsu, ya tsaya kan rabewar kalmomi da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ya kuma bayyana wa yarinyar inda ake bukatar wannan da inda ake bukatar wancan. Marar horo zai goge komai ya mayar da shi irin nasa. Babban jarabin mai gyara ke nan, ya ga jimla ta karkace hannunsa ya yi ta ƙaiƙayi. Uwar da ke karɓe muciya duk lokacin da tuwo ya fara gudaji za ta ci tuwo mai kyau, amma 'yarta ba za ta iya tuƙi ba.

Ba lallai sai da jami'a ba, ko a can. A 2002 marubuci Dave Eggers da malama Nínive Calegari suka buɗe 826 Valencia a San Francisco, inda masu sa-kai ke zama da yara 'yan shekara 6 zuwa 18. Da dokar unguwa ta ce ginin na kasuwanci ne, sai suka buɗe kantin sayar da kayan 'yan fashin teku a gaba, ajin rubutu a baya.

Ba baƙon abu ba ne a gidan Bahaushe

A makarantar allo ba alaramma ne ke zama da kowane kolo ba. Gardi ne ke rubuta masa allo, ya biya masa, ya saurari haddarsa, kuma ta wannan hanya gardin ke ƙara daddale nasa karatun. Jajis ɗin Nana Asma'u ma haka suka riƙa ɗaukar karatu daga wurinta suna kai wa matan ƙauyuka a ƙarni na 19.

Ƙagaggen labarin boko kansa da irin wannan zama ya fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya zaga garuruwa yana neman a rubuta labarai. Abubakar Imam yana da shekara 22, malami a Midil ta Katsina, sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shehu Umar, bai wuce 21 ba. Mai Ganɗoki, Malam Bello Kagara, yayan Imam ne. East bai tsaya ga raba kyauta ba, ya zauna da rubuce-rubucen ya yi ta gyara, Jiki Magayi ma tare suka rubuta da John Tafida. A 1936 ya ɗauko Imam zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labaran ƙasashe, daga wannan zama Magana Jari Ce ta fito. Masana sun daɗe suna muhawara kan yawan hannun East a cikin littattafan nan, kuma muhawarar tana da amfani ga duk mai shirin gyara wa yaro rubutu.

Bayan nan sai marubuta suka koma rainon kansu. Hafsat Abdulwaheed tun tana 'yar makaranta ta fara So Aljannar Duniya, wanda aka buga a 1980 bayan gasar kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya. Da adabin kasuwar Kano ya ɓarke, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka taru a ƙungiyar Raina Kama suna duba wa juna, suna buga wa kansu. Malaman jami'a sun shiga maganar, amma a shafukan jarida, inda Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta kai ruwa rana a shekarun 1990 kan ko wannan adabi ne ko shirme. Gwamnati ma ta shiga. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta shirya taron ƙona irin littattafan a wata makarantar 'yan mata. Ɗaliban da ke ɓoye littafi a ƙarƙashin filo, da yawansu kuma suna rubuta nasu a bayan littafin darasi, ashana suka gani.

Yau rubutun ya koma waya. Ana sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu har kuɗi ake biya kafin a shiga zaurensu. Babu edita, babu mai cewa a sake. Masu karatu kawai ke kiran a ci gaba. Cikin masu rubutun akwai 'yan sakandare, akwai kuma gwanaye na gaske, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ta nuna tun da aka fara ta a 2016. Maryam Umar, wadda ta lashe ta 2020 da labarin Rai da Cuta, ɗalibar shari'a ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a lokacin. Aishatu Musa Dalil, mai Haƙƙina, ta lashe ta 2021 tana da shekara 18. Irin yayyen da ake nema ke nan. Shekara biyu ko uku ke tsakaninsu da 'yan aji shida, sun san abin da yaran ke karantawa a ɓoye, kuma yarinya za ta nuna musu shafin da ba za ta taɓa nuna wa malamin ajinsu ba.

Ƙofar da ke buɗe

Jami'o'inmu ba su jahilci fita cikin jama'a ba. Tun tsakiyar shekarun 1970 sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, a hannun su Michael Etherton da Brian Crow, daga baya Salihu Bappa da Oga Steve Abah, yake tura ɗalibai Samaru da ƙauyukan kewaye, su saurari damuwar mutane su mayar da ita wasa, a kuma ba su maki. Ɗaliban koyarwa suna zuwa gwajin koyarwa, amma ajin mutum tamanin ɗin nan ake miƙa musu, da manhajar da dole a gama. Masu yi wa ƙasa hidima, tsarin da aka kafa a 1973, suna da rana guda a mako ta aikin raya al'umma, sai dai sun riga sun bar jami'a, babu malamin da ke bibiyarsu, kuma da yawansu ba sa jin harshen garin da aka tura su.

Cikas ɗin ba ɓoyayyu ba ne. Kalandar jami'a da ta sakandare ba sa tafiya tare, kuma yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ya isa ya kashe kowane shiri mai mako goma. Bayan sace ɗalibai a Kagara da Tegina a 2021, shugaban makarantar da ya ƙi buɗe wa baƙi ƙofa ba za a ga laifinsa ba. Iyaye ba za su yarda saurayi ɗan jami'a ya keɓe da 'yarsu ko ya karɓi lambar wayarta da sunan gyaran labari ba, kuma suna da gaskiya. Mata su je wa mata, a zauna a ɗakin karatu ƙofa a buɗe, malamin makarantar yana nan. Wani lokaci yaro zai rubuta abin da ba ƙage ba ne, duka a gida ko cin zarafi, dole ɗan jami'ar ya san wa zai gaya wa tun kafin ranar ta zo. Sai kuma cutar da muka sani a littafin rajistar horon masana'antu, inda ɗalibi ke zaune a gida ya cike shafuka, ya nemo hatimi ranar ƙarshe. In da sa'o'i za a auna, haka wannan ma zai zama. Abin da ba a iya ƙirƙira a dare ɗaya shi ne daftarin yaro na farko da na ƙarshe a ajiye gefe da gefe, da rubutun hannunsa, tare da bayanin ɗan jami'ar kan abin da ya tambaya da abin da ya bari da gangan.

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhaja wadda ta tsayar da kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara daidai da bukatar yankinta. Kwas ɗan ƙarami na aji uku, ɗalibi ɗaya da yara uku, mako goma, da ɗan kundi da za a buga da Hausa a ƙarshen zango a karanta a gaban iyaye, zai shiga cikin wannan kashi 30 ba tare da an jira wata sabuwar doka ba. Kuɗinsa na mota ne da takarda da na maɗaba'a. Takardar neman sabon kwas daga taron malaman sashe take farawa, ta wuce tsangaya, sannan majalisar dattawan jami'a, kuma shugaban sashe ɗaya da malamai biyu sun isa su rubuta ta.